Yadda Nake Gyara Karkacewar Hoton fMRI, Daga Ɗakin Na'ura Zuwa Kan Kwamfuta

Wata ɗalibata ce ta gano kuskuren da ya sa na zauna rubuta wannan bayani. Lokacin hunturu ne, muna ofis a Samaru, ƙura ta rufe gilashin taga, tana duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum 14 da wani abokin aikinmu na ƙasar waje ya turo mana. Na riga na gyara su, har na yi kusan mako uku ina lissafi a kansu. Sai ta juyo da kwamfutar wajena ta ce, "Malam, ka gafarce ni, goshin wannan bai shiga layin iyakar ƙwaƙwalwa ba. Na kafin gyara ma ya fi kusa da layin." Na duba, haka ne. Na buɗe na biyu da na uku, duk haka. Ashe daga ƙeya zuwa goshi aka ɗauki hotunan, ni kuma na gaya wa manhaja daga goshi zuwa ƙeya ne, don haka na saba gani a bayanan da na taɓa aiki da su. Maimakon a mayar da ƙwaƙwalwar mazauninta, sai aka ƙara tura ta ninki biyu. Garin neman gira aka rasa ido. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne manhajar ba ta yi ko tari ba, ta gama aikinta lafiya ƙalau ta ba ni sakamako.

Saboda haka wannan bayani na duk wanda zai taɓa irin waɗannan hotuna ne na fMRI, wato hotunan da ke nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki, ko ya ɗauke su da kansa a asibiti, ko ya sauko da su daga OpenNeuro, rumbun hotunan ƙwaƙwalwa na intanet, kamar yadda yawancin ɗalibanmu ke yi. Da yawa daga na'urorin MRI, masu ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, da suka fara shigowa Najeriya masu ƙaramin ƙarfi ne, ƙasa da rabin tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), fMRI kuwa yana son tesla 1.5 ko 3. Amma bayanan duniya a buɗe suke, ɗan Tudun Wada mai kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya aiki a kansu kamar kowa.

Me yake karkata hoton

Na'urar MRI ba ta ganin wuri kai tsaye. Saurin juyawar ƙwayoyin haidurojin na ruwan jiki take saurare. A kowace tesla ɗaya suna juyawa sau miliyan 42.58 a sakan, wato kusan miliyan 64 a na'urar tesla 1.5, kusan miliyan 128 a ta tesla 3. Da gangan na'urar ke ƙara ƙarfin maganaɗisu a wani gefe ta rage a wani, sai saurin juyawa ya zama adireshin kowane wuri. Duk lissafin ya dogara ne a kan cewa babban filin maganaɗisun ɗaya yake ko'ina.

To da zarar mutum ya sa kai, filin ya daina zama ɗaya. Nama da ruwa suna ɗan ture maganaɗisu, kamar kashi 9 cikin miliyan, iska kuwa ba ta turewa. Duk inda iska da nama suka yi iyaka, filin sai ya lanƙwashe. A kai, wuraren su ne ramukan iska na bayan goshi da hanci, da ramin kunne, da ƙashin bayan kunne mai huji-huji kamar saƙar zuma. Shi ya sa ƙasan goshin ƙwaƙwalwa da gefenta na saitin kunne suka fi shan wahala. Kashi ɗaya tak cikin miliyan, a tesla 3, Hz 128 ne, wato bambancin juyi 128 a sakan. Ƙwayoyin wurin sai su ba da adireshin da ba nasu ba.

Hoton siffar ƙwaƙwalwa, wanda ake kira T1, bai cika damuwa da wannan ba, don layi ɗaya yake karantawa a kowane bugun igiyar rediyo da na'urar ke aika wa kai. Hoton fMRI ne ke shiga uku. Tun da Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa iskar oksijin ta cikin jini tana canza sigina, aka ga ana buƙatar ɗaukar kai gaba ɗaya duk bayan sakan biyu ko ƙasa da haka. Dabarar da ke iya wannan gudun ita ce EPI, wadda Peter Mansfield na Notingham a Ingila ya fito da ita a 1977. Ita falle guda, wato yanka ɗaya na hoton kai, take kwashewa a bugu ɗaya.

Wanda ya taɓa ganin huɗar shanu a gonakin hanyar Giwa zai gane ta. Mai garma ya ja kunya ɗaya zuwa ƙarshen gona, ya juyo ya ja ta biyu, haka har ya gama. A tsawon kunya tafiyar da sauri take, amma tsallakawa daga kunyar farko zuwa ta ƙarshe shi ke cin yini. Gonar a nan ba hoton ba ce, teburin ɗanyen bayani ne da ake lissafo hoton daga cikinsa, amma tsarin tafiyar ɗaya ne. A tsawon layi kuskure ba ya samun lokacin taruwa. A alkiblar jera layukan kuwa yana taruwa tun daga layin farko har na ƙarshe. Wannan ita nake kira alkiblar jeri, kuma a cikinta kaɗai karkacewar da ta dame mu take faruwa. Yawanci gaba da baya ake sa ta, don kada a ɓata daidaiton dama da hagu.

Lissafin gajere ne, kuma ina so kowane ɗalibi ya iya shi da ka. Yawan ƙwayoyin hoto (ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton) da wuri zai gusa daidai yake da kuskuren fili a Hz, sau jimlar lokacin karatu, wato na karanta layukan duka, a sakan. A ce layi 64 ne, tazarar layi da layi rabin milisakan, lokacin karatu ya zama 0.0005 sau 63, wato sakan 0.0315. Wurin da filinsa ya kauce da Hz 100 zai gusa ƙwaya uku da ɗoriya. In kowace ƙwaya milimita 3 ce, an tasar wa santimita ɗaya ke nan. Kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa milimita 2 zuwa 4 ne. Ka ga aikin da aka yi a wannan tudu za a iya rubuta shi a kan maƙwabcinsa. Ga mai bincike wannan sakamakon ƙarya ne. Ga likitan da zai yi tiyata kusa da cibiyar magana, abin ya wuce nan.

Akwai abu biyu da ya kamata a raba tun yanzu, don ɗalibai na yawan gwama su. Karkacewa daban, ɓacewar sigina daban. A karkacewa siginar tana nan, wuri kawai ta sake. A ɓacewa, filin ya bambanta sosai a cikin ƙwaya ɗaya har juyawar ta watse ta kashe kanta, sai ka ga baƙin rami. Ko taswirar fili, wato awon kaucewar filin a kowane wuri da ake gyara da shi, ba za ta cike wannan ramin ba. Ko a karkacewar ma, inda hoto ya miƙe ya fi sauƙin maidowa. Inda ya matse, ƙwaya uku sun zube cikin ɗaya kamar an haɗa gero da dawa da maiwa an niƙa, manhaja za ta baza garin amma ba za ta raba shi ba.

A ɗakin na'ura

Magina na birnin Zazzau sun ce tun ran gini tun ran zane. Rabin gyaran a ɗakin na'ura ake yin sa, kuma abin da aka bari a can ba a samo shi a kwamfuta.

Ka fara da kan mutumin. Bayan tambayoyin tsaro da ake yi wa kowa, ni ina ƙara nawa. Fil na hijabi, ɗan kunne, maƙalen gashi, da ƙaramar wayar da wasu masu kitso ke ɗaure bakin ƙari da ita, duk a cire. Wani baƙin man gashi na kanti da wasu kayan shafa na ido suna ɗauke da tsatsar ƙarfe. Ba na tsayawa tantance wane kwalli ne na gargajiya wane ne na kanti, cewa nake a wanke fuska. Mace ce ta kamata ta duba wa mace wannan a keɓe, kuma a gaya mata tun kwana ɗaya kafin ranar, kada ta kashe kuɗi ta yi sabon kitso a zo a ce ta tsefe. Dattijo kuma a tambaye shi cikin ladabi, "Baba, akwai laya a jiki? Akwai haƙorin Makka?" Zinariya tsantsa ba ta cika ɓata fili ba, amma ba kowane haƙorin Makka ne tsantsa ba. Wayar gyaran haƙora ta ƙarfe ita ce babbar matsala, tana iya cinye goshin hoton gaba ɗaya.

Sai ka tokare kan da matasai sosai. Taswirar da za ka ɗauka ta wannan zaman kan ce kaɗai. In ya yi gyaɗa kai ko kaɗan, ramukan iska sun sake kwana da maganaɗisu, fili ya canza. In aka fito da shi ya zaga bayi ko ya yi salla ya dawo, sabon zama ne, sabuwar taswira.

Daga nan ka rage karkacewar tun daga tushe. Duk abin da ya gajarta lokacin karatu ya rage ta. Dabarar tsallake layi, wadda Siemens ke kira GRAPPA, Philips ke kira SENSE, GE ke kira ASSET, in ka sa ta a 2 ta raba karkacewar biyu, sai dai ka biya da ɗan raguwar tsabtar sigina. Don ɓacewar sigina kuma, falle sirara sun fi masu kauri, kada lokacin amsa-kuwwa, wato jiran da ake yi daga bugu zuwa sauraron sigina, ya zarce buƙata, kusan milisakan 30 a tesla 3, kuma karkata fallayen kamar digiri 30 yana taimaka wa ƙasan goshi.

Sannan ka roƙi taswira. Na san halin da mai sarrafa na'ura yake ciki, marasa lafiya sun yi layi tun asuba, wasu daga ƙauye suka kwana a hanya. Nakan ce masa, "Yallaɓai, minti biyu kacal nake roƙo, in babu su sauran minti talatin ɗin sun rage daraja." Ban taɓa ganin wanda aka yi wa bayani da mutunci ya ƙi ba. Iri biyu ne. Ko dai taswira mai amsa-kuwwa biyu, ko hoton EPI guda biyu masu kishiyar alkibla, ɗaya goshi zuwa ƙeya, ɗaya ƙeya zuwa goshi. In ana iya duka biyun a ɗauka. In ɗaya za a zaɓa, ni na biyun nake zaɓa, kuma nau'in da ke maido da watsattsiyar sigina, wanda ake rubuta SE a sunansa, don ba shi da baƙin rami mai rikita lissafi. Bai kai minti ɗaya ba. Sharaɗin shi ne a kwafi wurin fallaye da girman ƙwaya da tazarar layi daga hoton fMRI ɗin, kuma kada na'ura ta sake daidaita filinta tsakanin su. In ta sake, ka auna wani fili ne daban da wanda ya karkata hotonka.

Ka karɓi bayanan a matsayin DICOM na asali, wato irin fayil ɗin da na'urar ke fitarwa, a faifai ko filashi. An sha kawo mini hoton da aka ɗauka da waya daga jikin allo aka turo ta WhatsApp. Wannan ba ya gyaruwa, don lambobin da ake buƙata a cikin kan fayil ɗin DICOM suke.

Lambobi uku kafin ka taɓa komai

Ka juya DICOM zuwa NIfTI, irin fayil ɗin da manhajojin bincike ke karantawa, da manhajar dcm2niix ta Chris Rorden. Kowane hoto zai fito da ƙaramin fayil na json, mai ɗauke da bayanan yadda aka ɗauke shi, a gefensa. Ka buɗe shi ka kwafi abu uku a littafi da biro: PhaseEncodingDirection (alkiblar jeri), da EffectiveEchoSpacing (tazarar layi), da TotalReadoutTime (jimlar lokacin karatu). Ka yi haka ga hoton fMRI da kuma kowane hoton taswira, na kowane mutum. Da na yi wannan a wancan hunturun da ban yi asarar mako uku ba.

Harafin j da za ka gani a gaban PhaseEncodingDirection yana nufin jeri na biyu na fayil, alamar ragi a bayansa tana nufin an taho daga babbar lamba zuwa ƙarama. A hoton Siemens da aka yanka a kwance aka juya da dcm2niix, j mai ragi yawanci goshi zuwa ƙeya ne. Amma ka lura, maganar tsarin ƙwayoyi a cikin fayil ake yi. In ka juya hoton da wata manhaja kafin gyara, abin da json ya faɗa zai iya daina zama gaskiya. Shi ya sa ba na juya komai sai bayan gyara. In lokacin karatu bai fito ba, a Siemens ka nemo BandwidthPerPixelPhaseEncode, ka ninka shi da yawan layukan hoton, ka raba 1 da sakamakon, tazarar layi ke nan. Ka ninka ta da yawan layuka ban da ɗaya, ka sami jimlar lokaci. A Philips dcm2niix ƙiyasi yake bayarwa, kuma yana rubuta cewa ƙiyasi ne.

Hanyar hotuna biyu masu kishiyar alkibla

Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Inda ɗaya ya matse, ɗayan ya miƙe daidai gwargwado, gaskiya tana tsakani. Chang da Fitzpatrick suka kawo tunanin a 1992, Jesper Andersson da abokan aikinsa suka gyara shi a 2003, shi ne ya zama topup a cikin FSL, tarin manhajoji na Jami'ar Okusfod. FSL kyauta ne ga masu bincike, yana aiki a Linux da Mac, mai Windows kuma ya bi ta WSL, hanyar tayar da Linux a cikin Windows.

Ka haɗa hotunan biyu a fayil ɗaya, AP na goshi zuwa ƙeya, PA na ƙeya zuwa goshi:

fslmerge -t biyu AP.nii.gz PA.nii.gz

Ka rubuta fayil mai suna acqparams.txt, layi ɗaya ga kowane hoto, bisa tsarin da ka haɗa su:

0 -1 0 0.0315
0 1 0 0.0315

In kowace alkibla hoto uku ce, layi shida ke nan. Lambar ƙarshe taka za ka sa, ba tawa ba. Sai ka tayar da aikin:

topup --imain=biyu --datain=acqparams.txt --config=b02b0.cnf --out=sakamako --fout=taswira_hz --iout=gyararru

In ya tsaya yana ƙorafin girman hoto, duba yawan fallayenka. Tsarin b02b0.cnf yana rage girman hoto zuwa rabi don sauri, saboda haka ba ya karɓar mara, kamar falle 35. Ka canza zuwa b02b0_1.cnf, zai ɗan daɗe amma ba sai ka yanke falle ba. Ka tabbata batirin kwamfutarka ya cika kafin ka fara, don in aka ɗauke wuta ta mutu a tsakiya daga farko za ka koma.

Da ya gama, buɗe gyararru a FSLeyes, manhajar kallon hoto ta FSL, ka riƙa sauyawa tsakanin hoton farko da na biyu. Kafin gyara goshi zai riƙa shiga yana fita. Bayan gyara ya kamata su tsaya cik, kamar hoto ɗaya.

Sai shafa gyaran a kan hoton fMRI, wanda na sa wa suna bold a nan, bayan ka daidaita motsin kai kuma ka tabbata yana zaune daidai da hotunan taswira:

applytopup --imain=bold --inindex=1 --datain=acqparams.txt --topup=sakamako --method=jac --out=bold_gyara

A nan ne na faɗi. Wannan inindex yana nuna wane layi na acqparams.txt ne ya dace da hoton fMRI ɗin. In an ɗauke shi da j mai ragi, 1 ne. In j ne kawai, layin kishiyar za ka nuna. Ni na bar shi a 1. Abin da ke yaudarar mutum shi ne topup ɗin kansa ba ya damuwa. Ko ka juya layukan biyu, gyararrun hotunansa za su fito da kyau, alamar taswirar ce kawai za ta juye. Haka ma in lokacin karatu ba daidai ba ne amma iri ɗaya ne a duka, gyara zai fito daidai. Sai ka ga mataki na farko ya yi kyau ka saki jiki, alhali ɓarnar tana mataki na biyu. In kuma lokacin karatun fMRI ya bambanta da na taswira, ka ƙara masa layinsa a fayil ɗin da za ka ba applytopup, ka nuna shi, kuma a nan dole lambobin su zama na gaskiya.

Hanyar taswira mai amsa-kuwwa biyu

Wannan ita ce tsohuwar hanya, Peter Jezzard da Robert Balaban suka bayyana ta ga EPI a 1995, kuma har yau tana aiki. Ana sauraron sigina sau biyu, a ga kusurwar da ƙwayoyi suka juya tsakanin lokutan. A Siemens mai tesla 3 tazarar milisakan 2.46 ce, an zaɓe ta ne don kitse da ruwa su dawo saiti ɗaya. Bambancin kusurwa, a raba da 6.283 sau tazarar lokacin, shi ne kuskuren fili a Hz.

Wahalarta naɗewa ce. Kamar mai jan carbi ne, in ya kai 99 ya dawo farko, wanda ya shigo ya tarar da yatsansa a ƙwaya ta 10 bai san 10 ne ko 109 ba. Da tazarar 2.46, zagaye ɗaya kusan Hz 406 ne, 203 sama 203 ƙasa. Wurin da yake 250 sai ya fito a ragi 156. Manhajar PRELUDE ce ke warware wannan, ta hanyar bin maƙwabta tana ƙirga zagaye. Amma tana ruɗewa a bakin ƙwaƙwalwa inda ƙashi da iska ke ba da hayaniya zalla. Saboda haka, a hoton girman sigina da ke zuwa tare da na kusurwa, ka cire ƙoƙon kai da umarnin bet na FSL, ka ƙara aske gefen da fslmaths -ero. Gara ka rasa ƙwaya ɗaya ta ƙwaƙwalwa a gefe da ka bar ƙwaya ɗaya ta waje, don FSL zai cike gefen da kansa. Sai:

fsl_prepare_fieldmap SIEMENS kusurwa girma_aski taswira_rads 2.46

In taswirar ta riga ta zauna daidai da hoton fMRI, a girma da wuri, to:

fugue -i bold --dwell=0.0005 --loadfmap=taswira_rads --unwarpdir=y- -u bold_gyara

Rami biyu ne a nan ban da alkibla. FUGUE radiyan (ma'aunin kusurwa) a sakan yake so, topup kuwa Hz yake fitarwa, in za ka haɗa su sai ka ninka da 6.283. Kuma dwell, wato tazarar layi, a sakan yake a wannan umarni, alhali a allon FEAT, manhajar FSL mai haɗa matakan aikin fMRI, milisakan ake rubutawa. Na ga ɗalibin da ya sa 0.5 a nan, ƙwaƙwalwar ta fito kamar an ja alewa. Irin wannan kuskuren ma rahama ne, don ido yana ganinsa nan take.

A aikin gaske na fi son a bar FEAT ya yi wannan matakin, don shi zai daidaita taswira da T1, ya haɗa gyaran motsi da na karkacewa ya shafa su sau ɗaya. Duk shafawa tana ɗan dusashe hoto. Masu amfani da manhajar SPM ta Landan suna da FieldMap da kuma Realign and Unwarp, wanda ke ƙiyasta yadda karkacewa ke canzawa da motsin kai. Manhajar AFNI ma tana karɓar hotuna masu kishiyar alkibla.

In da fMRIPrep kake aiki, manhajar da ke yin matakan nan da kanta, ka jera fayiloli bisa tsarin sunaye da foldoji na BIDS, taswira a foldar fmap, kuma a json ɗinta ka rubuta IntendedFor, ko B0FieldIdentifier tare da B0FieldSource a json ɗin hoton fMRI, don a san wane hoto take yi wa aiki. In ka manta, zai iya wucewa bai yi gyaran ba, sai a rahotonsa za ka ga an rubuta babu. Ka karanta wannan layin ga kowane mutum.

In babu taswira ko ɗaya

Tsofaffin bayanai da yawa haka suke. fMRIPrep yana da --use-syn-sdc, wanda ke lanƙwasa hoton EPI ya bi siffar T1 a alkiblar jeri kaɗai. Akwai kuma SynBOLD-DisCo daga Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, da ke ƙirƙiro hoto marar karkacewa daga T1 ya miƙa wa topup. Sun fi babu, amma ƙiyasi ne, ba awo ba. A kan mai ƙari a ƙwaƙwalwa ko wanda aka taɓa yi wa tiyata ba na yarda da su sai na bi falle-falle. Kuma ba na gwama mutanen da aka gyara da taswira da waɗanda aka gyara da ƙiyasi a rukuni biyu da ake kwatantawa, don bambancin hanya zai iya fitowa kamar bambancin cuta.

Dubawa da ido

Gani ya kori ji. Ka fitar da iyakar farin nama daga T1 da fast, ka daidaita matsakaicin hoton fMRI da T1 ta epi_reg, ka ɗora layin iyakar a kai. Ka duba ta gefe, kamar kana kallon mutum ta kunne, don ta nan ne gusawar gaba da baya ke bayyana. Wurare uku nake kallo: gaban gadar da ta haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, da ƙahonnin gaba na ramukan ruwa, da gaban jijiyar da ta gangara wuya. Ka buɗe na kafin gyara da na bayan gyara tare. Na bayan gyara dole ya fi shiga layi. In kana kokwanto, ka sake gyaran da kishiyar alama ka jera ukun, wanda yake daidai ba ya ɓuya.

Ka duba lambobin taswirar kuma. A tsakiyar ƙwaƙwalwa kusa da sifiri suke, 'yan gommai na Hz, su haura ɗari kusa da hanci da kunne. In ka ga dubu a fayil ɗin da kake zaton Hz ne, wataƙila radiyan ne. In ka ga tsalle kwatsam daga fari zuwa baƙi a cikin nama, naɗi ne bai warware ba. Inda baƙin rami yake kuwa, ka zana iyakarsa ka faɗa a rahoto cewa ba a auna wurin ba. Rashin ganin aiki a ƙasan goshi ba hujja ba ce cewa ba ya aiki.

Mu dai kwana biyu muka yi muna sake waɗancan 14, ni ina tayar da umarni, ɗalibata tana dubawa ta sa hannu. Yanzu akwai littafi mai bangon kwali a ofis, kowane mutum da layinsa: alkibla, lokacin karatu, irin taswira, da sunan wanda ya duba, kuma ba wanda ya yi gyaran ne ke dubawa ba. 13 sun shiga layi. Na ƙarshen ya ƙi ta kowace alama, goshinsa baƙi ƙirin har saman ido. Muka rubuta wa abokin aikinmu, ya binciko takardar mutumin, ya ce da wayar haƙora aka ɗauke shi. Muka cire shi daga lissafi, muka rubuta dalili a rahoto, muka ci gaba da 13.